Gasar dara ta ƙungiyoyi tsakanin ƙasashe ta intanet: ta ina za mu fara daga Gombe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin sakandare ne a nan Gombe, ina cikin masu kula da wata 'yar ƙungiyar darar ces (chess) da muke haɗuwa a Tudun Wada. Mun yi abokan wasa ta intanet a Maraɗi, Garwa ta Kamaru da Kumasi, ga kuma yaranmu da ke karatu a Alƙahira, Madina, Kuala Lumpur da Landan. Kowane ɓangare ya ce zai iya haɗa tawaga. Muna so mu yi gasa ta ƙungiya da ƙungiya. Wane dandali ya fi, wane tsari za mu bi, kuma yaya ake hana maguɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a yi a sa'a.

Tambayarka ta farko ita ce mafi sauƙi, shi ya sa zan ɗan ajiye ta tukuna. Dandalin kyauta ne, cikin minti goma za ka iya buɗe gasa a kansa. Abubuwan da na sha ganin sun wargaza irin wannan gasa guda uku ne: sabis ya yanke wa mutum yana gab da cin wasa, wani ya zargi wani da satar amsa daga inji, ko tawaga ta ƙi bayyana a kan lokaci sannan ta dawo tana neman a sake. Duk ukun za su faru a gasarku, ka sa wannan a ranka tun yanzu. Idan sai sun faru za ku zauna neman hukunci, duk abin da ka yanke za a ce ka yi son kai, tunda kai ɗan Gombe ne kuma Gombe na cikin gasar. Tun ran gini tun ran zane. Kafin a taɓa ɗan dara ko ɗaya, a samu takardar doka wadda ba ta wuce shafi biyu ba, kyaftin takwas ɗin nan kowa ya karanta ya rubuta a zauren WhatsApp cewa ya amince.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ke fama da wannan. A 2020, da korona ta hana tafiye-tafiye, hukumar dara ta duniya, FIDE, ta shirya gasar Olimfiyad ta intanet a dandalin Chess.com, tawagogi 163 suka shiga. A kwata-fainal intanet ta yanke wa Haik Martirosyan na Armeniya yana karawa da Nihal Sarin na Indiya, lokacinsa ya ƙare, aka rubuta masa faɗuwa. Armeniya ta ɗaukaka ƙara, aka yi watsi da ita, ta fice daga gasar. Sai ga shi a wasan ƙarshe, ranar 30 ga Agusta, abin ya juyo kan Indiya: Nihal ɗin da Divya Deshmukh suka rasa wasanninsu da Rasha saboda wata babbar matsalar intanet da ta taɓa ƙasashe da dama. A wannan karon shugaban FIDE, Arkady Dvorkovich, ya ce a ba ƙasashen biyu zinare tare. Akwai hujjar bambanta hukuncin biyu, domin na farko mutum ɗaya ya shafa, na biyu kuma matsalar ta fi ƙarfin 'yan wasan, amma 'yan Armeniya ba su ji daɗi ba, kuma ba zan ga laifinsu ba. Hukumar da ke da lauyoyi da ƙwararrun alƙalai ke nan. Bayan wannan, a Fabrairun 2021, dokokinta na musamman kan dara ta intanet suka fara aiki.

To, dandali. Ni dai Lichess zan ce muku. Wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya kafa shi a 2010, babu talla a ciki, babu wani abin da aka kulle sai an biya, da gudummawar masu wasa yake tafiya. Ga mai ƙaramar waya da ƙaramar data wannan ba ƙaramin abu ba ne. Chess.com ya fi yawan jama'a, yana da nasa tsarin kulob da kulob, kuma idan yawancin mutanenku can suka saba ba laifi ba ne ku tsaya can. Abin da ba zai yiwu ba shi ne rabi nan rabi can, domin makin ƙwarewa na dandalin biyu ba ma'auni ɗaya ba ne. A Lichess sabon shiga yana farawa da 1500, kuma sau da yawa mutum ɗaya za ka ga makinsa na can ya ɗara na Chess.com. Dukansu kuma ba su ne makin FIDE na wasan ido da ido ba.

A Lichess akwai abin da suke kira Team Battle, kuma shi ne kowa ke fara ruga wa. Kowace tawaga tana turo duk mutanenta, a ɗauki awa ɗaya ko biyu ana ta haɗa su da 'yan sauran tawagogi, da ka gama wasa a haɗa ka da wani. Cin wasa maki 2, canjaras maki 1, wanda ya ci biyu a jere makinsa ya fara ninkawa, sannan akwai maɓallin da mutum zai yarda a rage masa rabin lokacinsa don ya samu ƙarin maki idan ya ci. A ƙarshe a tara makin 'yan gaba-gaba na kowace tawaga, gwargwadon adadin da mai shiryawa ya zaɓa. Akwai nishaɗi sosai, ba na musu. Sai dai gasa ce ta mai saurin hannu da mai ƙarfin sabis. Yaron da ke Landan zai gama wasa goma kafin na Maraɗi ya gama shida, kuma tawagar da ta zo da mutum talatin ta fi wadda ta zo da biyar damar fitar da gwanaye. Ku yi shi a matsayin share fage, zan dawo kansa. Kada ku ba da kofi a kansa.

Gasa ta gaskiya ita ce allo da allo, irin yadda ake yi a Olimfiyad: na ɗaya ya fuskanci na ɗaya, na biyu da na biyu. Ku yi allo huɗu da 'yan benci biyu. Kada ka ce biyu sun yi yawa. Ranar Asabar za ku yi wasa, kuma ka san Asabar da safe a garin nan ranar ɗaurin aure ce, wani makon gwaninku yana Kumo ko Dukku rakiyar ango. Kowane kyaftin ya miƙa jerin mutanensa shida daga mafi ƙarfi zuwa ƙasa, da cikakken suna da sunan asusu, mako guda kafin farawa, kuma wannan jerin ba ya canzawa har a gama. Idan na biyu bai zo ba, na uku ya hau, na huɗu ya bi shi, ɗan benci ya shigo daga ƙasa. Dalilin tsaurin shi ne akwai wata tsohuwar dabara: kyaftin ya sa mafi rauni a allo na ɗaya ya zama hadaya, gwanayensa su sauka ƙasa su cinye sauran ukun. Don toshe ta tun daga jerin farko, ku ce ba a yarda wani ya zauna sama da wanda ya fi shi da maki 100 ko fiye ba. Ku kuma yanke wa ke da ikon buga wa wace tawaga. Ɗan Bajoga da ke karatu a Azhar na Gombe ne ko na Alƙahira? Ni a ganina inda mutum yake zaune shi ne tawagarsa, kuma wanda ya fara da tawaga ɗaya da ita zai gama.

Da tawaga takwas ba ku bukatar tsarin Siwis, wanda a kowane zagaye ake haɗa masu maki kusan ɗaya. Kowa ya kara da kowa, zagaye bakwai, karawa 28, wasa 112 gaba ɗaya, 16 a kowane zagaye. Jadawalin Berger ya riga ya tsara wa zai haɗu da wa, sai dai ku yi ƙuri'ar lambobi a gaban kyaftin-kyaftin ta kiran bidiyo. Tawagar da aka fara ambata tana riƙe fari a allo na ɗaya da na uku, baƙi a na biyu da na huɗu. Maki kuwa na karawa za ku ƙirga: tawagar da ta yi rinjaye 2, kunnen doki 1, faɗuwa 0, yadda Olimfiyad ke yi tun gasar Dresden ta 2008. Amfaninsa shi ne kada wata ta ɗauki kofi don kawai ta samu mai rauni ta yi mata huɗu da nema, ko don wata ba ta zo ba. Idan maki ya zo ɗaya a duba jimillar wasannin da kowacce ta ci, sai sakamakon karawarsu da juna, in har yanzu ba a rabu ba a sake karawa ɗaya. Shafin Google Sheets guda ya ishe ku riƙe teburin. Manhajar Swiss-Manager da alƙalai ke amfani da ita sai gasar ta girma.

Lokacin wasa ku sa minti 15 da ƙarin sakan 10 a kowane taku. Matasa za su ce ya yi tsawo, sun saba da minti uku. Kada ka saurare su. A wasan minti uku, yankewar sabis ta sakan arba'in ta gama da mutum, amma a minti 15 yana da sararin canza layi ya dawo. Irin wannan wasa da wuya ya wuce minti 50, saboda haka zagaye biyu a rana ba zai gajiyar da kowa ba. Asabar huɗu kun gama, ta ƙarshe zagaye ɗaya ne da raba gardama idan ta taso.

Hanyar haɗa wasannin iri biyu ce. Mai sauƙi ita ce mai riƙe fari ya tura wa abokin karawarsa gayyata kai tsaye, ya zaɓi lokaci da launi. Tana aiki, amma kullum sai an samu wanda ya sa minti goma maimakon sha biyar, ko ya ɗauki launin da ba nasa ba. Wadda na fi so ita ce ka buɗe ƙungiya ɗaya a Lichess da sunan gasar, duk 'yan wasa 48 su shiga, ka buɗe gasar Siwis a cikinta, amma ka yi amfani da gurbin da ke ba mai shiryawa damar rubuta haɗin da hannunsa. Kowane layi suna biyu, na farko shi ke da fari. Wasanni 16 za su tashi a lokaci guda, ba mai jiran gayyata. Teburin da dandalin zai nuna na ɗaiɗaikun mutane ne, ka ƙyale shi, naka na tawagogi shi ne abin dubawa. Duk hanyar da kuka bi, wasan ya zama mai shiga lissafin maki, kuma a hana neman maido da taku da ƙara wa abokin karawa lokaci.

Batun rana da sa'a yana da 'yar sarƙaƙiya. A Saudiyya da Masar hutun mako Juma'a ne da Asabar, Lahadi ranar karatu ce. Mu Juma'a ba ta yiwuwa, Lahadi kuma 'yan'uwanmu Kirista, irin yaran Billiri da Kaltungo da ke cikinku ko na Kumasi, suna coci. Asabar kaɗai ta rage. Agogon Gombe, Maraɗi da Garwa ɗaya ne. Kumasi tana bayanmu da awa ɗaya, Madina tana gabanmu da biyu, Kuala Lumpur da bakwai. Landan da Alƙahira su ne masu rikitarwa domin suna juya agogo: Landan tana daidai da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana baya da awa ɗaya, Masar kuma ta dawo da juya nata a 2023, tana gabanmu da awa biyu a lokacin zafi, ɗaya a lokacin sanyi. Mafita ita ce ku sa gasar tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ba mai taɓa agogonsa a wannan tsakanin, kuma damina ta wuce, balle hadari ya taso a ɗauke wuta sabis ya bi ta. Ku dai duba kalanda kada ku faɗa cikin azumi ko jarrabawa.

A wannan lokacin, idan zagayen farko ya tashi ƙarfe 9 na safe a Gombe, ƙarfe 8 ke nan a Kumasi da Landan, 10 a Alƙahira, 11 a Madina, 4 na yamma a Kuala Lumpur. Na biyu ya tashi ƙarfe 11 namu. Tazarar da ke tsakani za ta ba na Madina damar Azahar, na Malesiya su yi La'asar, kuma su gama na biyun kafin Magariba. Na Alƙahira ne za su ɗan matsu, don sha biyun rana ta same su a bakin Azahar, sai ka tambayi kyaftin ɗinsu ko a ƙara minti goma sha biyar. A kowace sanarwa ka rubuta sa'ar kowane gari da sunansa, kada ka bar wa kowa lissafi. Idan wasu daga Amurka suka nemi shiga, ka ba su haƙuri zuwa wata gasar: ƙarfe taran safenmu ukun dare ne a New York.

Yanzu ga shawarar da na fi ba muhimmanci a duk amsar nan. Kada kowa ya buga daga ɗakinsa. Kowace tawaga ta taru a wuri ɗaya, tare da mutum guda mai sa ido wanda ba ya cikin masu wasa. FIDE ma ta amince da wannan tsari a dokokinta na 2021, inda 'yan wasa ke zama a zaure ƙarƙashin alƙali na wurin suna karawa da na wani gari ta intanet. A wurinmu ya fi ma'ana fiye da ko'ina, domin yana magance matsala uku a lokaci guda. Ɗakin kwamfuta na makarantarku, ko na wata cibiya mai sola ko janareta, ya raba ku da fargabar wuta. Layi biyu na kamfanoni daban-daban a ɗaki ɗaya, ɗaya na aiki ɗaya na jira, ya fi mutum huɗu kowa na fama da nasa a Bolari, Pantami da Jekadafari. Sannan waya ɗaya da aka jingine a kusurwa tana nuna ɗakin gaba ɗaya ta wadatar, maimakon kyamara huɗu. Bidiyo shi ke cin data, ɗaruruwan MB a awa, wasan kansa abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Ka tuna Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Google Meet kuma bayan awa ɗaya idan taron ya wuce mutum biyu, don haka a sake buɗe sabon kira a kowane zagaye.

Zama wuri ɗaya yana da nasa haɗarin, wato raɗa da ƙifta ido. A jera kujeru yadda ba mai ganin allon wani, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya ko a bar tazara. Wayoyin da ba a wasa da su a tara su a tebur ɗaya gaban kyamara, ba iyafis a kunne, wanda ya gama wasansa ya fita waje. Kyaftin ba ya magana da mai wasa. Na san na Landan da Kuala Lumpur za su ce gidajensu na da nisa da juna. Wanda ba zai iya zuwa ba ya buga daga gida da sharaɗin kyamara daga gefe ko bayansa, tana nuna shi da hannunsa da fuskar na'urarsa.

Dokar yankewar sabis ku rubuta ta da gajerun kalmomi marasa kwana. Agogo ba ya tsayawa. Wanda layinsa ya yanke ya yi ƙoƙarin dawowa, idan lokacinsa ya ƙare ya faɗi, ba a sakewa. Za ka ji kamar akwai rashin tausayi a ciki, musamman da yake mu da Maraɗi da Garwa ne abin zai fi shafa. Amma ka yi tunanin akasin haka. Ranar da kuka ce ana sake wasa idan sabis ya yanke, duk wanda ya ga an kusa kashe shi zai kashe datarsa, kuma ba ka da hanyar bambanta shi da mai gaskiya. Togiya ɗaya ce: idan dandalin ne da kansa ya tsaya, ko matsalar ta shafi ɓangarorin biyu, a sake wasan daga farko. Sassaucin da za ku iya yi kafin wasa ne. Kowace tawaga tana da damar neman jinkirin minti 15 sau ɗaya a duk gasar, kafin a yi takun farko. Idan ta hanyar gayyata kuke wasa, Lichess yakan nuna wa mutum maɓallin karɓar nasara idan abokin karawarsa ya ɓace na ɗan lokaci. Ku haramta taɓa shi, a bar agogo ya yi hukunci.

Rashin zuwa kuma minti goma ake jira, daga nan allon ya tafi. Tawagar da ta rasa karawa biyu ta fita, kuma idan ba ta buga rabin wasanninta ba a soke sakamakonta duka daga lissafi, kada waɗanda suka riga suka sha wahala da ita su cutu.

Maguɗi iri biyu ne, kuma mutane sun fi tsoron wanda bai fi yawa a cikinmu ba. Na farko inji ne. Stockfish kyauta ne, yana shiga kowace waya, kuma ya fi kowane ɗan Adam iya dara nesa ba kusa ba. Manya ma an kama su. A 2020 tawagar Armenia Eagles ta ci gasar PRO Chess League, bayan 'yan kwanaki Chess.com ya sanar cewa ɗan wasanta Tigran L. Petrosian ya karya dokar wasa na gaskiya, aka ƙwace kofin aka ba Saint Louis Arch Bishops. Ba shi ne tsohon zakaran duniya mai irin sunan ba, wancan ya rasu tun 1984. Na biyu shi ne sojan gona: asusun Musa ne, amma yayansa da ya fi shi iyawa ke riƙe da wayar. A ƙananan gasa irin taku wannan ya fi faruwa, kuma injin gano maguɗi na dandali ba lallai ya kama shi ba, tunda mutum ne ke wasan. Maganinsa kowa ya nuna fuskarsa ya faɗi sunansa a kyamara kafin kowane zagaye. Ku kuma ƙi karɓar sabon asusu. A ce sai wanda ya yi wata uku da buɗewa, ya buga aƙalla wasa 30 masu lissafi a irin wannan lokacin, kuma alamar tambaya, mai nuna makin bai zauna ba tukuna, ta bar gefen makinsa.

Inda nake so ka yi taka-tsantsan shi ne zargi. Bayan kowane wasa dandali yana nuna kashi nawa cikin ɗari mutum ya yi daidai, sai wanda aka ci ya ɗauko hoton ya watsa a zaure: kun gani, 96, inji ne. Wannan ba hujja ba ce. Wasan da bai wuce taku ashirin ba, wanda rabinsa buɗewa ce da aka haddace, ko wanda abokin karawa ya zubar da doki tun da wuri, ɗan matsakaici ma zai iya fitar da wannan adadin. Abin da masana ke dubawa ya fi haka zurfi: wasanni da yawa a jere, da yadda mutum ke kashe lokaci, misali wanda ke ɗaukar sakan bakwai ko takwas a kowane taku, mai wuya da wanda yaro ma zai yi ba tunani. Saboda haka doka ta ce ba a zargin kowa a zaure, wanda ya yi a hukunta shi ko da daga baya ta tabbata yana da gaskiya. Ƙorafi ta hannun kyaftin yake bi, a rubuce, zuwa ga alƙali, cikin awa 24. Alƙali ya kai rahoto ga dandalin, kuma yana iya kiran wanda ake zargi ta bidiyo ya ce ya bayyana dalilin wasu takunsa. Wanda ya yi tunanin da kansa zai yi ta zuba, har da abin da ya ji tsoro da abin da ya fasa. Idan dandali ya sa wa asusu alamar karya doka, duk wasanninsa na gasar su koma ga abokan karawarsa, a sake lissafi. Idan aka samu mutum na biyu a tawaga ɗaya, tawagar ta tafi. Waɗannan yara ne masu iyaye da mutunci a unguwa, kalmar ɓarawo idan ta fita ba ta komawa.

Kai kuma ka zaɓi ɗaya, ko shiryawa ko wasa. Alƙalin gasa ya zama wanda ba ya cikin kowace tawaga, in da hali mai shaidar alƙalanci daga hukumar dara ta Najeriya. Sama da shi a kafa kwamitin ɗaukaka ƙara na kyaftin uku da 'yan jira biyu, wanda ƙarar ta shafi tawagarsa ya koma gefe. Zauren WhatsApp biyu za ku buɗe, ɗaya na kyaftin-kyaftin da alƙali inda ake aiki, ɗaya na kowa da kowa inda ake barkwanci. Takardar doka a yi ta da Hausa, a fassara ta da Faransanci saboda na Garwa da Maraɗi, ko da yake da mutanen Garwa Fulatancinku na Gombe zai warware abubuwa da dama a waya. Ku kira tawagogin da sunan gari ko ƙungiya. Sunan tawagar Najeriya ko ta Nijar hakkin hukumomin ƙasashen ne, kuma yana da kyau ka sanar da masu kula da dara a hukumar wasanni ta jiha abin da kuke shiryawa.

Tunda a makaranta kake, ka yi tunanin ƙara allo na biyar na 'yan mata. A Olimfiyad ta 2020 allo shida ne, uku daga ciki na mata. Idan za ku yi, a nemi izinin iyaye a rubuce, malama ta zauna da su, kuma inda iyaye ba su son a nuna fuskar 'yarsu a kyamara, shaidar malamar ta wadatar, kyamara ta tsaya kan hannu da allo. Ga ƙananan yara Lichess yana da saitin da ke rufe hira da baƙi gaba ɗaya, a kunna musu.

Kuɗi kuwa, shawarata kada ku karɓi kuɗin shiga ku tara ku ba wanda ya ci. Malamai sun daɗe suna magana kan shaɗaranji, wato darar ces, kuma ko waɗanda suka sassauta sun sa sharaɗin kada caca ta shiga, kada ya shagaltar da salla. Iyaye da dama da jin an zuba kuɗi za su janye 'ya'yansu. Ban da haka, kyautar kuɗi ita ce ke jawo mai inji, ga wahalar aikawa: naira, sidi, fam, riyal, ringit, har sefar Nijar da ta Kamaru ba takarda ɗaya ba ce ko da yake darajarsu ɗaya. Kowace tawaga ta ɗauki nauyin datarta da man janaretarta. Kai ka nemi wani mai hali ya saya muku kofi, a yi takardar shaida mai kyau da za a tura wa kowa ya buga a garinsa. Idan abokan naku na Garwa sun fi son diraf, wanda 'yan Kamaru suka yi suna a kansa, akwai Lidraughts da aka gina bisa tsarin Lichess, kuma kusan duk abin da na faɗa zai yi aiki a can.

Asabar ɗin da ke gaban farawa ku yi Team Battle ɗin nan na awa ɗaya, kowa a ɗakin da zai yi gasar, da kyamararsa a kunne, a sa'ar da za a riƙa wasa. A nan za ka gano wanda ya rubuta sunan asusunsa ba daidai ba, da ɗakin da sabis ba ya shiga, da kyaftin ɗin da ba ya ɗaga waya. Bayan zagaye na bakwai kuma ka sanar da teburin a matsayin na wucin gadi, ka jira kwana uku kafin ka tabbatar da zakara, domin wani lokaci dandali yakan ɗauki kwanaki kafin ya sa wa asusu alama. Wannan jiran ma a rubuta shi cikin takardar dokar, kada tawagar da ke kan gaba ta ce don ita aka ƙirƙiro shi.